Tambayoyi da Amsoshi Kan Waƙoƙin Sujada a Cocin Katolika da na Angilika

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin sabbin 'yan kwaya, da iyalan da ke shirin aure ko jana'iza, da waɗanda aure ko aiki ya kai su wata ɗarika daban da wadda suka tashi a ciki. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi.

Dole ne sai an yi waƙa a sujada? Daga ina abin ya samo asali?

Kirista sun gaji waƙa ne daga Yahudawa. Zabura 150 ɗin nan da ke tsakiyar Littafi Mai Tsarki, tun asali don rerawa aka tsara su. Markus 14:26 ya ce bayan jibin ƙarshe Yesu da almajiransa sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Bulus da Sila ma waƙa suke yi da tsakar dare a kurkukun Filibi. Har wanda ba Kirista ba ya shaida haka: wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Rumawa a Bitiniya, ya rubuta wa sarki cewa Kirista kan taru kafin gari ya waye su rera waƙa ga Almasihu, wasu na bayarwa wasu na amsawa.

Sujadar da ba a yi waƙa ba dai ba ta ɓaci ba. Mas, wato sujadar Jibin Ubangiji a Katolika, na safiyar ranakun aiki sau da yawa karanta shi ake yi, kuma cikakke ne. Amma ranar Lahadi da manyan idodi, duka ɗarikun biyu suna ɗaukar waƙa a matsayin addu'ar kanta. Ba cike gurbi ba ce kafin limami ya shirya. Wanda ya riƙe wannan zai ga sauran amsoshin da ke ƙasa duk daga nan suka taso.

Mene ne bambancin Zabura, waƙar yabo, da waƙar da kwaya ke yi ita kaɗai?

Zabura kalmomin Nassi ne kai tsaye, ba a ƙara ba a rage. Akwai kuma 'yan uwanta, waƙoƙin Nassi da ke wajen littafin Zabura, kamar waƙar Maryamu da ta Zakariya da ta Simeyon a Bisharar Luka. Waƙar yabo kuwa wani ne ya zauna ya rubuta ta baiti-baiti, kowane baiti da kari ɗaya, don dukan jama'a su iya ɗauka. Ambrose, bishop na Milan da ya rasu a 397, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa irin wannan a cocin Yamma. Ta uku ita ce wadda kwaya ta sha wahalar koyo da muryoyi huɗu, jama'a kuma su zauna su saurara. Tana da gurbinta, sai dai gurbin ƙarami ne, kamar yadda za a gani a amsar ƙarshe.

Waɗanne sassa na Mas ne ake rerawa, kuma wanne ya fi muhimmanci?

Akwai sassa biyar da kalmominsu ba sa canzawa: "Ya Ubangiji ka yi jinƙai", "Ɗaukaka ga Allah", Shaidar Bangaskiya, "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki" wadda ta fito daga Ishaya 6:3, sai "Ɗan Ragon Allah" daga Yohanna 1:29. Akwai kuma masu canzawa bisa ga rana: waƙar shiga, Zaburar da ke bin karatu na farko, Halleluya kafin Bishara, waƙar baiko, da waƙar karɓar Jibi.

A nan ne kwayoyi da yawa ke kifa abin. Umarnin da Rum ta fitar kan waƙar sujada a 1967 ya kasa waƙa mataki uku. A matakin farko akwai gaisuwa da amsa tsakanin Fada da jama'a, da addu'ar gabatarwa, da "Mai Tsarki", da Addu'ar Ubangiji. Na biyu ya ƙunshi roƙon jinƙai, Ɗaukaka, Shaidar Bangaskiya da Ɗan Rago. Waƙar shiga da ta baiko da ta Jibi suna can a mataki na uku. Mu kuwa sai a kwashe mako ana gwajin waƙar baiko mai armashi, ranar Lahadi kuma Fada ya ce "Ubangiji ya kasance tare da ku", a amsa masa ciki-ciki kamar ana jin barci. In lokacin gwaji ya yi kaɗan, a fara da abin da kowa zai amsa.

Abu ɗaya kuma: ba a musanya kalmomin waɗannan sassa biyar da wata waƙa don kawai ta yi kama da su. Waƙar da ta ambaci tsarkin Allah ba ta zama "Mai Tsarki" ba. Kari dai a sa wanda ake so, kalmomi kuwa na ikilisiya ne.

Mece ce rerawar Giregori, kuma har yanzu ana amfani da Latin?

Rerawa ce ta murya ɗaya, ba ganga, ba bugu mai ƙidaya, kari yana bin numfashin jimla. An laƙaba mata sunan Fafaroma Giregori na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, amma siffarta da muka sani ta ginu ne daga baya, a ƙarni na 8 da na 9, lokacin da waƙar Rum ta gauraya da ta ƙasar Faransa ta wancan zamani. Da ka ake koyonta shekara da shekaru, har Guido na Arezzo ya zo a ƙarni na 11 da dabarar rubuta sauti a kan layuka. A ƙarni na 19 sufayen gidan Solesmes a Faransa suka bi tsoffin rubuce-rubuce suka farfaɗo da ita, Fafaroma Pius na Goma kuma ya ɗaga darajarta a wasiƙarsa ta 1903.

Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ba ta hana Latin ba, ko da yake mutane da dama haka suke zato. Kundinta kan sujada, na ranar 4 ga Disamba 1963, ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, ya kuma ce rerawar Giregori ce ke da wuri na gaba a sujadar Rum. Har ya buƙaci jama'a su iya faɗi ko rera sassansu da Latin. Amfanin wannan a ƙasa irin Najeriya a fili yake: in Bahaushe da Ba'igbo da Tibi da Birom suka haɗu a babban taro, Mas guda na Latin da kowa ya haddace yana haɗa bakinsu.

Ta ina waƙar Angilika ta bambanta?

Ta fara ne da sauya harshe. Littafin Addu'a na 1549, wanda Akbishop Thomas Cranmer ya jagoranci tsarawa, ya mayar da sujada daga Latin zuwa Turanci. A 1550 John Merbecke ya sa wa kalmomin kari mai sauƙi, kusan sauti ɗaya ga kowace gaɓa, don kunne ya kama magana. Daga nan hanya ta rabu biyu. Manyan majami'un bishop suka riƙe kwaya ta ƙwararru, maza manya da yara, inda mawaƙa irin su Thomas Tallis da William Byrd suka yi aiki. Cocin ƙauye kuwa suka koma rera Zabura da aka mayar baitoci.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, cocin da yau aka san shi da littafin waƙa ya yi kusan shekara 270 ba a amince da waƙar yabo a sujadarsa a hukumance ba. Isaac Watts, sanannen marubucin waƙoƙin yabo, ba ɗan Angilika ba ne. Charles Wesley limamin Angilika ne har ya mutu a 1788, ya kuma rubuta waƙoƙi fiye da 6,000, amma a tarurrukan Metodis aka fi rera su. Sai da wani limami a Sheffield, Thomas Cotterill, ya buga littafin waƙa a 1819, mutanen cocinsa suka kai shi ƙara, Akbishop na York ya shiga tsakani a 1820, sannan ƙofa ta buɗe. Littafin Hymns Ancient and Modern na 1861 shi ne ya bazu ko'ina, har ya biyo 'yan mishan zuwa Afirka. Da yawa daga waƙoƙinsa tsoffin waƙoƙin Latin ne da John Mason Neale da wasu suka fassara, wanda ya kai mu ga tambayar aron waƙa da ke ƙasa.

Yaya ake rera Zabura? Na ga Katolika da Angilika ba iri ɗaya suke yi ba.

A Mas na Katolika mutum ɗaya ne ke tsayawa ya rera ayoyi, jama'a su riƙa mayar da amshi guda bayan kowane kashi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe, zabiya da 'yan amshi ke nan. Shi ya sa Zabura ce sashen da ya fi saurin zama daidai da Hausa in an samu mai bayarwa da ke fitar da kalma tsaf.

Ta Angilika ta fi wuyar koyo. Littafin Addu'a ya raba Zabura duka a kan kwana 30, safe da yamma, kuma ana rera ayar yadda take a rubuce, doguwa ko gajera, da muryoyi huɗu. Dabarar ita ce: yawancin kalmomin ayar ana faɗinsu a kan sauti ɗaya da saurin magana ta yau da kullum, sai 'yan gaɓoɓin ƙarshe su hau ko su sauka bisa kari. A cikin littafin za ka ga 'yan sanduna da ɗigo a tsakanin kalmomi, su ne ke nuna inda murya za ta motsa. Kari guda na iya ɗaukar aya ɗaya ko biyu, sai a maimaita har Zaburar ta ƙare. Kuskuren da sabbin hannu ke yi shi ne su ruga da gudu a kan sautin farko, su zo ƙarshe su ja. Maganinsa a fara karanta ayar da baki tare, sau biyu ko uku, kafin a ɗora mata kari.

Mece ce addu'ar yamma da 'yan Angilika ke ji da ita haka?

Cranmer ya ɗauki addu'o'i biyu na sufaye, ta faɗuwar rana da ta kafin kwanciya, ya haɗa su wuri ɗaya. Tsarinta: Zabura, karatu daga Tsohon Alkawari, waƙar Maryamu, karatu daga Sabon Alkawari, waƙar Simeyon, Shaidar Bangaskiya, addu'o'i, sannan waƙar kwaya. Ba a ba da Jibi, sau da yawa ma ba wa'azi. A manyan majami'un Ingila kusan kullum ake rera ta. A ganina ita ce kyauta mafi kyau da Angilika ta ba sauran Kirista, kuma abin takaici ne yadda ta ja baya a cocinmu da yawa, alhali ba ta buƙatar komai sai littafi da mutane masu niyya.

Me ya sa wani lokaci ake daina Halleluya da Ɗaukaka, kiɗa ma ya ragu?

Saboda kunne ma yana azumi. A Katolika ba a rera Halleluya ko kaɗan daga Larabar Toka, ranar da ake fara Azumi, har daren Ista, Ɗaukaka kuma ana ajiye ta a Lahadin Azumi da na makonni huɗun jiran Kirsimeti. Ƙa'idar Mas ta ce a lokacin Azumi kayan kiɗa su tallafi murya kawai, kada su yi kiɗa su kaɗai, in ban da Lahadi ta huɗu da ranakun idi. Ranar Alhamis Mai Tsarki, wato Alhamis ɗin da ke gabanin Ista, ana kaɗa ƙararrawa yayin Ɗaukaka, daga nan ƙararrawar ta yi shiru sai daren Ista. Wanda ya taɓa tsayawa a cocin da aka kashe fitilu, aka kunna kyandir ɗaya bayan ɗaya, sannan Halleluya ta ɓarke bayan mako shida da ɓacewarta, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Cocin Angilika da yawa suna bin wannan al'ada, ko da yake tsohon Littafin Addu'a na 1662 bai tilasta ba. A cikinsa ma Ɗaukaka tana zuwa ne a ƙarshen Jibin Ubangiji, ba a farko ba.

Ganga da kalangu da rawa sun halatta a coci?

Sun halatta. Kundin 1963 ya girmama ogan mai bututu, amma a wuri guda ya yarda da wasu kayan kiɗa in hukumar coci ta yankin ta amince kuma sun dace da ibada. Ya ƙara da cewa al'ummomin da ke da nasu kiɗan gargajiya a ba shi wurin da ya cancanta. Afirka ma ba ta jira ba: a 1958 aka rera Missa Luba a Kwango, kalmomin Latin a kan karin gargajiya da ganguna. Gidan sufaye na Keur Moussa a Senegal, wanda sufayen Solesmes suka kafa a 1963, ya ɗora Zabura a kan kora, abin kiɗa mai tsirkiya na Yammacin Afirka. A 1988 Rum ta amince da tsarin Mas na Zayar (sunan Kwango a lokacin), wanda ya haɗa da rawa. A ɓangaren Angilika, Rabaran J. J. Ransome-Kuti na Abeokuta ya tsara waƙoƙin Yarbanci da aka ɗauka a faifai a Landan tun 1922.

A Arewa kuwa Zumuntar Mata sun daɗe da warware wannan da tulu da kuge da caki. Tambayar da ta rage ita ce ta dacewa. Kiɗan da ya yi kyau lokacin kai baiko ba lallai ya yi kyau lokacin karɓar Jibi ba, kuma makaɗin da ya iya sassauta hannu ya fi wanda ya iya bugu.

Me ya sa wasu waƙoƙin da aka fassara zuwa Hausa ba sa zama a baki?

Wannan ita ce babbar matsalarmu, kuma tana da dalili. Lokacin da Dakta Walter Miller da abokan aikinsa na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika, suka zauna a Zariya, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, da lokacin da limaman Katolika suka sauka a Shendam a 1907, da karin waƙar Turai suka zo. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, an samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, an kuma fassara waƙoƙi masu yawa. Sai dai waƙar Turanci ƙidayar gaɓa da nauyin lafazi take bi, Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Ɗauki "kuka". In murya ta tsaya sama a gaɓoɓin biyu, hawaye ake nufi. In ta faɗo a ta biyu, an koma bishiya. To mai fassara ya sa "ka ji kukana" a inda karin Bature ke gangarowa, ko ya ɗora gajeriyar gaɓa a kan dogon sauti, sai kunne ya ji wani abu ya goce ko da ma'ana ta fito.

Ba ina cewa a yar da Littafin Waƙoƙi ba. Kakanninmu da waɗannan waƙoƙi aka yi musu baftisma, da su aka binne su, kuma tsawon shekaru ya sa sun zama namu. Amma mai tsara sabuwar waƙa ya bi ta ɗaya hanyar: ya fara da kalmomi, ya faɗe su da ƙarfi kamar mai shela, ya saurari inda suke hawa da sauka da kansu, sannan ya ja karin daga nan. Marubuta waƙar Hausa sun daɗe da sanin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ilimin yana nan a gida. Gwajin kuma mai sauƙi ne. A rera wa tsohuwar da ba ta karatu baiti ɗaya, a ce ta maimaita abin da ta ji. In ta kawo shi daidai, waƙar ta yi.

Mene ne lambobin nan kamar 8.6.8.6 a saman waƙa, da haruffan d r m f s?

Lambobin adadin gaɓoɓin kowane layi ne a baiti. Waƙoƙi biyu masu lamba ɗaya suna iya musayar kari, don haka in jama'a ba su san karin wata waƙa ba, malamin kwaya na iya ɗora ta a kan wanda suka sani. Mafi yawa su ne 8.6.8.6 da 8.8.8.8 da 6.6.8.6. Da Hausa dai sai an ƙara duba tsawon gaɓa, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Haruffan kuwa solfa ne, hanyar da Sarah Glover da John Curwen suka yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 don talakawa su iya karanta waƙa ba tare da layuka biyar ba. Tushensa yana komawa ga Guido da aka ambata a sama. Da shi yawancin kwayoyinmu ke koyo har yau, kuma ya isa.

Katolika na iya rera waƙar Angilika, ko Angilika ta Katolika?

An daɗe ana yi. Byrd ɗan Katolika ne amma ya rubuta wa majami'ar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya waƙa. John Henry Newman limamin Angilika ne da ya koma Katolika a 1845, kuma ɓangarorin biyu suna rera waƙoƙinsa. A 2012 kwayar Westminster Abbey, majami'ar Angilika da ke Landan, ta yi waƙa tare da kwayar Fafaroma a majami'ar Bitrus da ke Rum. Inda ake taka-tsantsan shi ne koyarwa: waƙoƙin Jibi da na roƙon Maryamu da tsarkaka, nan ne fahimta ta bambanta. A karanta baitocin duka kafin a ara, in an yi shakka a tambayi limami.

Za mu iya zaɓar waƙar da muke so a aurenmu ko jana'izar mahaifinmu?

Za ku iya, a cikin iyaka. Ku zo da wuri ku zauna da malamin kwaya da limami. Waƙar shiga, ta baiko, ta Jibi da ta fita duk akwai zaɓi, Zabura ma akwai 'yan kaɗan da aka ware wa aure da jana'iza. Sassa biyar ɗin nan da aka yi bayani a amsar Mas ba a taɓa su. Waƙar soyayya ta rediyo, ko wadda marigayi yake so amma ba ta ibada ba ce, a kai ta wurin liyafa ko zaman makoki. Kuma ku zaɓi aƙalla biyu da baƙinku suka sani, domin a jana'iza iyali kan kasa buɗe baki, jama'a ce ke ɗaukar musu waƙar.

Ba ni da murya. Ba gara in bar wa kwaya ba?

A'a. Aikin kwaya ta ja jama'a, ba ta karɓe musu baki ba. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya yi hawaye da jin waƙar cocin Milan a zamanin Ambrose, shi ne kuma ya rubuta cewa yana jin ya yi laifi duk lokacin da daɗin murya ya fi taɓa shi a kan abin da ake faɗa. Ma'aunin ke nan, kuma marar murya ma yana iya cika shi.

Sau da yawa ma shirun jama'a ba laifinsu ba ne. An ɗauki waƙa da sama sosai har tsofaffi ba sa kaiwa, ko ana kawo sabuwa kowane mako, ko an buɗe lasifika har mutum ba ya jin muryar na kusa da shi. Malamin kwaya ya sauko da karin kaɗan, ya koya wa jama'a sabon amshi minti biyar kafin a fara, ya bar shi ya zauna wata guda kafin ya kawo wani. Mai kibod kuma ya riƙa ɗaga hannunsa a baiti ɗaya, ya saurara ko benci na baya suna tare da shi.